Kwallin Saude da sunan Ayuba

Hauwa, Jamila, Bilki, da kai autana Ayuba, wannan babin ku karanta shi a tsanake, don saboda shi na sayi littafi da biro tun farko. Na san abin da kuka ji a Gazara. Kun ji an ce uwarku Saude ta rangaɗa kwalli ranar da ake zaman makokina, alhali ina raye. Kun ji an ce ta tsaya bayan ƙofar zaure ranar suna ta katse liman, ta kunyata yayana, Baba Sale, a gaban maza. Duk an yi, ban ɗauki biro don in ƙaryata ko ɗaya ba. Abin da masu ba ku labari suke tsallakewa shi ne dalili. Rabin dalilin yana wurina, rabi yana wurinta, yau kuma zan haɗa muku su wuri guda.

Shekarar da ake da cikin Ayuba ina can arewa maso gabas, ina saje, a wani ƙauye da mutanensa suka gudu suka bar mana bangaye da rijiya ɗaya. Ku da kuke ganin soja a talabijin kuna zaton kullum harbi ake yi. Ina! Harbi na da ranarsa. Sauran kwanakin haƙa rami ne, da cika buhu da yashi, da gadi, da korar ƙuda. Ruwa da kofi ake raba shi, mutum ya zaɓa ko ya sha ko ya wanke fuska, sallah kuwa yawanci da taimama muke yin ta, rabi su yi rabi su riƙe bindiga, sannan a sauya. Na taɓa yin kwana shida ban cire takalmi ba, ranar da na cire yaran da ke ƙarƙashina suka ce in don Allah ne in mayar. Abinci shinkafa da wake ne yau, gobe wake da shinkafa, idan motar kaya ta makara sai garin kwaki da ruwa. Tsoro kuwa akwai shi, duk sojan da ya ce muku bai ji ba ƙarya yake yi. Amma ni abin da ya fi cina ba tsoro ba ne, kewa ce. Sai in zauna bakin rami da la'asar in riƙa lissafin cewa yanzu raken fadamarmu ya kai ƙugu, yanzu Inna, mahaifiyata, ta fito da tabarma gindin darbejiya, yanzu Bilki na rigimar a goya ta.

Uwarku ta san halina, shi ya sa duk wata biyu takan ƙulle mazarƙwaila da yaji da ƙuli a ƙaramin buhu, ta bai wa direbobin kasuwar Makarfi masu zuwa gabas, wannan ya miƙa wa wancan har ya iso ni. Wani lokaci kayan su yi wata a hanya, mazarƙwailar ta narke ta kama yajin, mu dai mu ci a haka. Dalilin mazarƙwailar nan na san Kofur Ayuba. Ina ɓare ta ranar farko sai na ji wani dogo a bayana yana cewa wallahi wannan ƙamshin daga Makarfi ya fito, ko a kabari ya ji zai gane shi. Kirista ne, iyayensa mutanen kudancin Kaduna, amma a Ikara aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ga tabon da ke hannuna na dama, wanda na samu ina yaro da na zame na faɗa da hannu cikin kaskon dafa ruwan rake, tun daga wuyan hannu har gwiwa, sai ya laƙaba mini Sarkin Rake. Ni ma ban bar shi ba, na sa masa Ɗan Tumatur, don Ikara garin tumatur ne. A gaban manya ni saje ne shi kofur, ya ƙame ya sara mini. Da sun juya baya sai ya miƙo hannu ya ce a biya harajin Ikara, in gutsura masa.

Mutum ne mai hannu. Rediyo ta mutu shi, fitila ta mutu shi, ɗinkin takalmi shi. Idan sabon yaro ya fara rawar jiki ranar da aka yi artabu, Ayuba ne zai je ya zauna kusa da shi ya yi ta ba shi labarin banza har yaron ya yi dariya. Ranar Lahadi yakan koma bayan wani bango shi da 'yan uwansa su yi addu'arsu, ni in karɓi gadinsa, ranar Juma'a shi ya karɓi nawa. Ba wanda ya tsara mana haka, kuma ban tuna mun taɓa zama mun yi maganarsa ba.

To ga inda labarin ya ɗauro. A ƙauyen nan babu wuta, babu sabis. Sai muka ɓullo da wata dabara. Kowa zai ɗauki saƙon muryarsa a waya ya ajiye, na mata, na uwa, na 'ya'ya. Duk mako sai a tara wayoyin a jaka ɗaya, a ba mutum guda ya kai su gari, tafiyar rabin yini. Can zai sa su caji wurin masu janareta, ya sayi kati ya buɗe data, saƙonni su tafi, na gida su shigo, washegari ya dawo. Muna kiransa ɗan caji. Dokar jakar biyu ce: ba a kulle waya, kuma kowa ya manna filasta a bayan tasa ya rubuta sunansa da biro don kada a rikita. A tawa an rubuta Haruna Gazara. Shi kuma ɗan caji ba ya tafiya da kaki ko wata shaidar soja, kayan gida yake sawa ya shiga motar 'yan kasuwa, don mutanen daji idan suka tare hanya soja suke nema. Ranar da ɗan caji zai dawo, ku ga manyan ƙarti masu gemu sun yi cirko-cirko a bakin shinge kamar yara masu jiran mai alewa. Kowa ya karɓi tasa ya nemi lungu. Wani ya fito yana dariya, wani ya fito yana cewa yashi ne ya shigar masa ido.

Ayuba ya fi kowa zuwa, don shi ya san kan waya. Sau uku uwarku tana ganin saƙona ya shigo ta kira nan take, tana zaton ni ne a gari, sai ta ji muryarsa. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce Sarkin Rake yana nan lafiya sai ƙiba, ya ce a ƙara mazarƙwaila don bakuna biyu ne ke ci. Ta faɗa mini a saƙo cewa abokin nan nawa ya iya gaisuwa kamar wanda ya tashi a gidan malamai.

Da watan haihuwa ya kama, na roƙi babbanmu ya bar ni in je da kaina in ji muryarta, ya yarda. Ana gobe tafiya zazzaɓi ya kayar da ni, ko tsayuwa ba na iya yi. Da safe Ayuba ya leƙo ya same ni ina karkarwa cikin bargo, ya riga ya sa jallabiya da hula irin ta 'yan kasuwa.

"Kwanta, Sarkin Rake," in ji shi. "Faɗi abin da za ka faɗa a ciki, ni zan kai."

Na ɗauki saƙo na ba shi. Na ce tawa kada ya jefa ta a jaka, ya riƙe ta a jikinsa, idan ya isa ya kira ya ji ko ta sauka. Ya zura ta a aljihun ƙirji ya dafa, ya ce ko barci zai yi a nan za ta kwana. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Kafin azahar muka ji ƙarar daga nesa. Motar ta taka abin da aka binne a hanya. Bayan kwana biyu aka sanar da mu ta rediyon soja cewa ba wanda ya fita, aka kuma rufe hanyar, ruwan sama ya zo ya mayar da baƙar ƙasar nan laka mai kama tayar mota. Mako bakwai muka yi ba shiga ba fita. Na yi kukan Ayuba a bayan bangon da yake addu'a, ban ji kunyar kowa ba, don kujerata ya zauna a motar nan. Amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai cewa a gida ni ake wa kuka ba. Ni dai a zatona sun ji shiru ne kawai, kuma sun saba da shirun soja.

Abin da ya faru a gida kuwa, daga bakin uwarku da na Inna na tattara shi. Mutanen gari sun kwashi gawawwakin sun kai wani ƙaramin asibiti. Jakar wayoyi ta ƙone, amma wani ma'aikaci ya sami waya a aljihun wani dogon mutum, ya juya bayanta ya ga suna. Bawan Allah ya yi abin da ya dace. Ya duba lambobi, ya tsallake ta mace, ya kira wadda aka rubuta wa Yaya, don ba a fara gaya wa mace irin wannan labari. Baba Sale yana fadama wayar ta same shi. An ce ya zauna dirshan a cikin laka, sai da aka ɗago shi. Ya je bariki ya tambaya, aka ce masa sanarwa ba ta iso ba tukuna, ya yi haƙuri. Shi kuwa ya riga ya ji da kunnensa: ga suna, ga waya, ga hoton 'ya'yana a ciki. Ya dawo ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Uwarku tana jin labari ta tambayi abu ɗaya, wa ya duba hannunsa. Kun san matar ƙane ba ta tsayawa gaban yayan miji ta yi ta zuba, sai ta bi ta wurin Inna. Ta ce wayar nan ba kullum take hannuna ba, akwai abokina da yake kai ta gari, sau uku tana jin muryarsa. Ta roƙa a sake kira a ce a duba hannun dama, akwai tabon ƙuna har gwiwa. Baba Sale ya kira don ya kwantar mata da hankali. Ma'aikacin ya ce ai tun jiya aka yi musu sallah aka binne, shi bai lura da hannu ba, kuma zai kashe wayar ya ajiye ta da sauran kaya. Ga Baba Sale magana ta ƙare a nan. Inna ta rungume ta ta ce duk macen da ta rasa miji haka take yi, zuciya ce ba ta son karɓa, ta yi haƙuri ta shiga takaba, ai kwana kaɗan ne, tana haihuwa ta fita.

Ba ta shiga ba. Ranar sadakar uku, gida cike da mata har daga Kudan da Ikara, ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta zauna bakin ƙofar ɗakinta da madubi ta sa kwalli. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce Allah ya ba da ladar zuwa, ba ta ce amin ga Allah ya jiƙansa ba. Mata suka fita suna taɓe baki. Wasu suka ce ta taɓu, wasu suka ce dama ba ta ƙaunata, wasu suka faɗi abin da ya fi wannan muni game da mutumin da take cewa ta san muryarsa, ba zan rubuta shi a littafin da 'ya'yana za su karanta ba. Na tambaye ta daga baya ko ta tabbata ina raye a ranar. Ta ce ba ta tabbata ba. Ta ce don tsoro har sai da ta goge kwallin ta sake. Amma ta ga idan ta ajiye kwallin nan rana ɗaya, to ta binne ni da hannunta a kan maganar mutumin da bai duba hannu ba. Kuma ta yi kuka sosai a kwanakin, mutane suka ce to ga shi ta fara yarda. Ba ni take wa kuka ba. Ta lissafa cewa idan ba ni ba ne a kabarin nan, to mai gaisuwar nan ne, kuma shi ma yana da uwa a wani wuri da ba wanda ya kira ta.

Bayan kwana tara ta haihu, namiji, bayan mata uku. Kun san al'adarmu, yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa sunan uban ake mayar masa. Baba Sale ya sayi rago da kuɗin aljihunsa, babba, ya raba goro har Makarfi, ya ce zai yi wa ɗan ƙanensa sunan da ba a taɓa yi wa maraya ba. Ku riƙe wannan, don ba na so ku tashi da ƙin mutumin nan. Shi ya goya ni ya kai ni wurin mai magani ranar da na ƙone. Duk abin da ya yi, ƙauna ce ta sa shi.

Safiyar suna maza sun cika zaure har waje. An raba goro, mahauci na tsaye da wuƙa, Baba Sale ya sunkuya ya raɗa wa liman suna. Liman ya gyara murya zai faɗa, sai aka ji sallama daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Mace mai jego, kwana bakwai da haihuwa, a bakin zauren maza.

"Malam, a gafarce ni," in ji ta. "Yaya, a gafarce ni. Mai sunan da za a faɗa ba wanda ya ga gawarsa ya shaida shi. Ina roƙo kada a mayar da ɗana maraya da baki."

Baba Sale ya ce ta koma ciki, wannan ba wurinta ba ne. Ba ta motsa ba. Liman, dattijo ne mai sanyin hali, ya ce yarinya, rago na tsaye, jama'a na zaune, yaro ba ya wuce yau ba suna, to me take so a yi.

"Idan sunan mamaci ake so a sa masa, akwai wanda ya mutu da gaisuwarmu a aljihunsa," in ji ta. "Sunansa Ayuba."

Nan fa zaure ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce wane ne kuma Ayuba. Baba Sale ya ce baƙo ne da ba wanda ya taɓa ganinsa, ba ma addininmu ɗaya ba, ta yaya za a bar sunan uban yaro a ɗauko nasa. Liman ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai san wanda ya mutu ba da wanda yake raye, Allah ne ya sani. Amma Ayuba sunan annabi ne, babu musulmin da zai ce ba ya so a gidansa. Idan Haruna ya rasu, sunan nan bai rage shi da komai ba. Idan kuma yana raye aka sa wa yaro nasa, da wane ido za a dube shi ranar da ya shigo zauren nan? Ya dubi Baba Sale ya ce shi ne uba a yau, sai ya yarda. Baba Sale ya ce a yi yadda Malam ya gani. Aka yanka rago, aka shafa fatiha. Shi kuwa ya tashi ya tafi fadama, ko yanka ɗaya na naman nan bai ci ba.

Bayan kwana biyu Inna ta ce gara Saude ta tafi gidansu a ƙauyen Taba ta ƙarasa wanka, kafin gari ya huce. Kowa ya san kora ce aka lulluɓe ta da zane. Ta ɗaure kayanta, ta ɗauki jariri da Bilki, ta bar Hauwa da Jamila saboda makaranta. Hauwa, ke kin isa tunawa, kin ce da ta zo fita sai da ta share ɗakina ta rataye rigata ta Juma'a inda take, ta ce miki ki riƙa kaɗe ta. A Taba ma ba ta huta ba, labari ya riga ta isa. Mahaifinta ya yi mata faɗa, ya ce ta zubar masa da mutunci a gidan surukai. Wata guda ta yi a haka, wayarta a ƙulle a bakin zani, kullum tana aikawa da ita caji ko da ba ta mutu ba.

Ranar da aka buɗe hanya na shiga gari, na ari wayar wani mai shayi, na danna lambarta da na haddace. Ina ta shirya yadda zan ba ta haƙurin shirun da na yi. Ta ɗauka na yi sallama. Na sake yi. Sai ta amsa, ta ce Saje ina wuni, ya aiki, ya jama'a, kamar jiya muka rabu. Ta ce an samu namiji, yana lafiya. Daga nan ta tambaye ni.

"Ayuba ne ya rasu ko?"

Na ce shi ne. Ta yi salati, ta daɗe tana kuka ina jin ta, ni ma ina yi, mai shayi ya juya mana baya yana wanke kofi. Da ta natsu ta ce in kashe in kira Inna yanzu-yanzu, ta fi ta bukatar jin muryata, wata biyu ke nan tsohuwa ba ta cin abincin kirki. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa mini ba a kan kora ko maganganun mutane. Sai da na kira Baba Sale na ji ya saki waya yana salati sannan na fahimci cewa ni mamaci ne a Gazara.

Da aka ba ni hutu, kafin in kwana biyu a gida muka ɗauki jariri muka tafi Ikara. Mahaifiyar Kofur Ayuba tsohuwa ce siririya, tana sayar da ƙosai a bakin wata makaranta, sanarwa ta riga ta iso mata. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne in gaya mata yadda aka binne shi, da sunana, da sallar musulmi. Na faɗa ina kallon ƙasa. Ta tambaya ko mutane sun tsaya a kansa sun roƙa masa Allah, na ce sun tsaya. Ta ce to ya isa, ba a jefar da shi kamar kare ba. Uwarku ta miƙa mata yaron ta faɗi sunansa. Tsohuwar ta dube ta, ta dube ni, ta sa fuskarta a cikin zanen goyon ta daɗe ba ta ɗago ba. Kakarka ta Ikara da kake zuwa wa hutu ke nan, Ayuba, mai cika ka da ƙosai har ka dawo mana da ciwon ciki.

Inna ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. Ranar kasuwa ta dawo da sabon tandu cike da kwalli ta ajiye a kan gadon uwarku ta fita, shi ke nan. Baba Sale kuwa shekara uku bai taka sashenmu ba. Kunya ce ta hana shi, na sani, don duk shekara damin raken farko da ya sara sai ya aiko a ce na Ayuba ne. Gari kuma bai taɓa janye maganarsa duka ba. Mutane sun manta cewa ita ce ta yi daidai, sun riƙe cewa ta sa kwalli. Shi ya sa har yau in ta shiga gidan biki wasu suke zunguri juna, kuna gani kuna jin zafi. Na yi shekara talatin da wani abu a soja, na ga maza masu ƙarfin zuciya, har lambar yabo na ga an maƙala wa wasu. Ban ga wanda ya tsaya shi kaɗai kamar yadda matar nan ta tsaya a bayan asabari ba. Mu in mun tsaya, akwai na dama akwai na hagu, ga bindiga a hannu.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan wata huɗu aka kawo mini wayata a cikin leda, gilashin ya tsage, filastar na nan da sunana. Na sa ta caji ta kama. Saƙon da na ɗauka ina zazzaɓi yana nan bai tafi ba, don Ayuba bai kai ga sayen kati ba. Na saurari muryata ina cewa, Saude, idan namiji ne a sa masa Idrisu, sunan babana. Shekara goma sha biyar ina jiran namiji don sunan nan. Na saurara sau biyu, na goge. Da na dawo gida ta ga wayar a hannuna, ta tambaye ni wane suna na aiko a ciki. Na ce mata wanda ta sa. Na ce ni ma Ayuba na faɗa.

Jiya da hantsi na gama rubuta wannan, na ga bai kamata ta ji shi a bakinku ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zauna na karanta mata tun daga farko, ina tuntuɓe da rubutun kaina. Ba ta ɗago ba har na iso wurin Idrisu. Na tsaya ina jira. Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta tsinci wani ɗan dutse ta jefar.

"Saje, ai na sani," in ji ta. "Mutumin da ke kiran sunan babansa ko a cikin barci? Tun ranar na san ƙarya ka yi mini. Na dai karɓa ne, don ita ce kyautar da ka zo mini da ita daga yaƙi."

Sai ta ɗaga murya ta kira ka, Ayuba, ta ce ka zo ka ɗebo mata ruwa, kai kuma ka amsa daga zaure.